Samfefa da Wuyan Jita a Zafin Sakkwato

Jita, wato kayan kiɗan nan mai tsirkiya shida da ya shigo ƙasar Hausa ta hannun makaɗan hailaif da na majami'u da rukunin kiɗan soja da na 'yan sanda, kafin daga baya Buzayen Nijar su ba ta wata murya ta daban, tana da sassa uku manya, waɗanda su ne jiki da wuya da kai. Wuyan shi ne dogon katakon da tsirkiyoyi ke bi ta kansa, kuma yana da fuska biyu: ta gaba, inda aka gitta siraran ƙarafan da yatsu ke danna tsirkiya a tsakaninsu, da ta baya mai zagaye, wadda babban yatsa da tafin hannu ke zamewa a kanta sama da ƙasa duk tsawon lokacin kiɗa. Kamfanonin da ke ƙera jita sukan lulluɓe wannan bayan wuya da fenti mai ƙyalli irin wanda suka shafa wa jiki, domin kaya ya yi kyau a idon mai saye, amma makaɗa da yawa sukan tarar cewa fentin da ke ɗaukar ido a kanti shi ne yake riƙe musu hannu da zarar gumi ya fara tsattsafowa. Daga nan ne al'adar bin bayan wuya da samfefa mai laushi ta samo asali, aikin da ba ya cin kuɗi ko lokaci mai yawa, amma wanda yake iya lalata jita idan aka zarce iyakarsa.

Ba a san birnin Sakkwato da jita ba kamar yadda aka san shi da taushi da kotso da kalangu da tamburan fada, amma yana da gurbi a tarihin kiɗan jitar wannan yanki wanda 'yan garin da dama ba su da labarinsa. A Sakkwato ne Mahamadou Souleymane, Ba'abzinen nan na Nijar da duniya ta sani da suna Mdou Moctar, ya naɗi kundin waƙoƙinsa na farko mai suna Anar a shekarar 2008, da salon sarrafa murya da na'ura irin na waƙoƙin finafinan Hausa, kuma waƙoƙin suka bazu a Nijar da Mali daga waya zuwa waya kafin kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya kai su ga kunnen Turawa. Wannan makaɗi, kamar Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen da ya riga shi, da hannunsa ya haɗa jitarsa ta farko, da katako da wayar birkin keke, abin da ke nuna cewa a wannan yanki makaɗin jita ya daɗe da zama kafintan kansa. Har yau haka lamarin yake ga mafi yawan masu jita, domin wanda ke zaune a Gidan Dahala ko wata unguwa ta birnin, ko yana kiɗa a majami'a ko a ɗakin naɗar sauti ko a ɗakinsa don nishaɗi, da wuya jitarsa ta wuce ta gwanjo ko mai arha ƙirar Sin ko Indunusiya, kuma kafinta ko mai fentin mota ya fi kusa da shi fiye da ƙwararren mai gyaran kayan kiɗa. Saboda haka sanin abin da samfefa ke yi wa wuyan jita, da abin da ba ta iya yi, ilimi ne da ya kamata ya kasance a hannun makaɗin da kansa.

Abin da ake kira fenti a nan ba launi kaɗai ba ne, rufi ne mai tauri, sau da yawa garai-garai ba launi, wanda ake fesa wa katako domin ya kare shi daga danshi da dauɗa da ƙarzuwa. Ɗaya daga cikin mafi daɗewa a ire-irensa shi ne shelak, wani ƙaro da ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, wanda ake narkarwa a cikin sinadarin barasa a shafa da tsumma sau da yawa, kuma har yanzu shi ake yi wa jitocin gargajiyar Sifaniya masu tsada. A farkon shekarun 1920 kamfanin DuPont na Amurka ya fito da fentin naitiroselulos mai saurin bushewa domin masana'antar motoci, kuma maƙeran jita irin su Martin da Gibson suka karɓe shi, haka ma Fender lokacin da ya fara fitar da jitocinsa na lantarki, Telecaster a farkon shekarun 1950 da Stratocaster a 1954. Wannan fenti siriri ne, yana tsufa tare da katako, yana tsattsagewa, yana kuma yin laushi idan ya haɗu da zafi da gumi da wasu sinadarai. A ƙarshen shekarun 1960 Fender ya koma ga fentin roba, wato foliyesta da foliyuretan, waɗanda suka fi kauri da tauri da arha wajen aiki, kuma su ne a jikin kusan kowace jita mai sauƙin kuɗi da ake samu a kasuwa a yau, yayin da Gibson ya ci gaba da amfani da naitiro a jitocin da yake ƙerawa a Amurka. Bambancin yana da muhimmanci ga mai riƙe da samfefa, domin fentin roba yana jure shafa mai yawa kafin a kai ga katako, amma naitiro da shelak sukan huje cikin 'yan mintoci. Ana iya gane nau'in ta hanyar ɗiga ɗan ruwan goge jan farce mai sinadarin asiton a wani ɓoyayyen wuri, misali ƙarƙashin farantin ƙarfen da ke bayan jiki, inda naitiro zai yi laushi nan take, fentin roba kuwa ba zai nuna alamar komai ba.

Dalilin da ya sa fuska mai ƙyalli ke riƙe hannu yana saɓa wa abin da hankali ke fara rayawa, tunda mutum zai ɗauka cewa abin da ya fi sumul shi ne zai fi zamewa. Fatar ɗan Adam ba busasshen abu ba ce mai tauri, tana da laushi da maiƙo da danshi, kuma idan ta hau kan fuskar da aka goge har ta zama kamar madubi, sai ta shimfiɗu ta manne da ita ta ko'ina ba tare da wani gurbin iska a tsakani ba. Gwargwadon faɗin wurin da fata ta taɓa, gwargwadon ƙarfin riƙon, kuma ɗan siririn gumi, wanda bai kai ya zama ruwa mai gudana ba, yana ƙara wannan mannewa maimakon ya rage ta. Abin da ke biyo baya shi ne hannu ya kama, ya saki, ya sake kamawa, irin kukan da jiƙaƙƙen yatsa ke yi idan aka ja shi a kan farantin tangaran da aka wanke. Makaɗin da ke son tsallakawa daga ƙasan wuya zuwa samansa cikin ƙiftawar ido yakan ji babban yatsansa ya tsaya a hanya, ya isa wurin da yake nufi a makare ko ya zarce. Samfefa mai laushi tana yi wa fuskar fentin dubban ƙananan zane waɗanda ido ba ya rarrabewa, sai fata ta koma tana taɓa tudun zanen kawai, iska ta sami wurin shiga, ƙyallin ya dusashe, hannu kuma ya zame. Ke nan aikin ba ƙara wa wuya sumul yake yi ba, ɗan kaushi ne ake ba shi da gangan, daidai gwargwadon da fata ba za ta ji shi a matsayin kaushi ba.

A Sakkwato wannan matsala tana da tsanani fiye da yadda take a ƙasashen da aka ƙera jitocin, domin daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, ɗakunan naɗar sauti kuma galibi a rufe suke ruf saboda hayaniyar waje, kuma idan wutar lantarki ta ɗauke fanka ta tsaya, tafin hannu ba ya bushewa. Amma yanayin da ya sa ake sha'awar rage fentin shi ne kuma ya sa ba a iya rabuwa da shi. Katako ko bayan shekara hamsin da sarewa yana ci gaba da shan danshin iska yana kumbura, yana kuma sakinsa yana tsukewa, shi ya sa maƙeran jita ke shawartar a ajiye ta inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Sakkwato danshin yakan faɗi ƙasa da kashi 20 a tsakiyar hunturu, sannan ya haura kashi 70 a watan Agusta, wato katakon yana tafiya daga wannan ƙarshe zuwa wancan sau biyu a kowace shekara, alhali tsirkiyoyi suna jan sa ba dare ba rana da nauyin da ya kai kusan kilo 40 zuwa 50 a jitar lantarki, ya kuma haura kilo 70 a jitar akwati mai tsirkiyar ƙarfe. Fenti ba ya hana danshi shiga da fita gaba ɗaya, amma yana rage masa sauri ƙwarai, kuma wannan jinkiri shi ne yake ba wuya damar sauyawa a hankali ta kowane gefe daidai, maimakon ya murɗe ko ya tanƙware.

Tambayar yadda ya kamata wuyan kayan kiɗa ya kasance a hannu ba baƙuwa ba ce ga Hausawa, domin sun daɗe da amsa ta a aikace tun kafin jita ta iso. Gurmi da garaya da molo da kuntigi, waɗanda David Ames da Anthony King suka bayyana siffofinsu a ƙamus ɗinsu na kiɗan Hausa da aka buga a 1971, duk suna da wuya na sanda ko gora mai zagaye, ba ƙarafan gittawa, ba kuma fentin ƙyalli. Masassaƙi yakan fere sandar da gizago da wuƙa, ya kankare ta, a wurare da dama na Afirka ta Yamma a bi ta da ganyen wani nau'in ɓaure mai kaushi wanda ke aikin samfefa, sauran gyaran kuwa hannun makaɗi ne ke yin sa cikin shekaru, har sandar ta yi duhu da sulɓi. A kan irin wannan wuya ne Haruna Uji ya yi kiɗan gurminsa, Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya yi na kuntiginsa, Malam Maman Barka na Nijar ma ya yi nasa gurmin, kuma babu wanda ya ji saurin yatsunsu zai ce rashin fenti ya tauye su. Akwai ma wata hikima a nan da ta shafi batun kai tsaye: a waɗannan kayan kiɗa ana ɗaure tsirkiya a jikin wuya da zaren fata, wanda ake turawa sama ko ƙasa don daidaita sauti, saboda haka wuyan da ya cika sulɓi aibi ne, domin ɗaurin zai riƙa sulluɓewa. Mai goge ko kukuma shi ma yana shafa ƙaro a izgarsa don ta kama, wato a kaya guda akwai inda ake neman zamewa, akwai inda ake neman riƙo, kuma gwanin maƙeri shi ne wanda ya san iyakar kowanne. Maƙeran bayolin, gogen Turawa, sun kai ga irin wannan matsaya, domin sukan shafe jikin kayan da kuma kansa da fenti mai sheƙi, su bar tsakiyar wuyan, inda hannu ke bi, ba tare da shi ba, sai ɗan abin da zai toshe ƙofofin katakon.

Kafin a ɗauki samfefa ya kamata a tabbatar cewa fentin ne ke da laifi, domin sau da yawa abin da ke danƙo a bayan wuya tarin gumi ne da maiƙo da ƙurar hunturu da suka daskare a kansa, musamman a jitar gwanjo da ta bi hannaye da yawa. Tsumman auduga mai ɗan danshi da ɗigon sabulu, a bi shi nan take da busasshe, yakan warware matsalar ba tare da an taɓa fentin ba. Akwai kuma abubuwan da ke narkar da fuskar naitiro da shelak su bar ta da danƙon da wanki ba ya cirewa, kuma biyu daga cikinsu suna kusa da hannun kowa a wannan ƙasa: turaren fesawa mai barasa, wanda mutane ke shafawa a tafin hannu kafin su fita, da man shafawa na korar sauro da ake yawan amfani da shi da damina. Roba mai taushi irin wadda ake naɗa wa maratayin jita ita ma tana cin naitiro a inda suka daɗe a haɗe. Wuyan da ya lalace ta wannan hanya samfefa ba ta yi masa magani mai ɗorewa, tunda fentin da ya yi laushi cushe takardar yake yi, ya dunƙule a kanta maimakon ya zama gari.

Samfefa tana da lambobi a bayanta, kuma lambar tana nuna girman ƙwayoyin da aka manna mata, ta yadda ƙaramar lamba ke nufin kaushi, babba kuma laushi. Kafintan kujera da ƙofa yakan yi aiki da lamba 80 ko 120, wani lokaci 220, kuma waɗannan su ne suka fi yawa a shagunan kayan gini, amma a wuyan jita ɓarna suke yi, domin suna barin zane mai zurfi da hannu zai ji, suna kuma iya ratsa fenti a shafa kaɗan. Abin da ake buƙata shi ne lamba 600 zuwa 1000, ko ma 1500 ga wanda ke son ya dusasar da ƙyallin kawai, kuma irin waɗannan an fi samun su a wurin masu sayar da kayan fentin mota, waɗanda ke amfani da baƙar samfefar nan da ake iya jiƙawa, wadda kamfanin 3M ya fara fitarwa a 1921. Duk da cewa an yi ta don aiki da ruwa, a wuyan jita ya fi aminci a yi amfani da ita a bushe, domin ruwa yakan sami tsaga ko ramin kusa ya shiga katako ya kumbura shi daga ƙarƙashin fenti. Akwai kuma soson roba na goge fenti, irin Scotch-Brite mai launin toka, wanda yake lanƙwasa ya bi zagayen wuya da kansa, kuma saboda haka ya fi samfefa sauƙin sarrafawa ga wanda bai saba ba.

Aikin kansa ba ya wuce kwata ko rabin sa'a. Ana kwantar da jitar rub da ciki a kan bargo ko tabarma mai laushi, a tallafe wuyan da naɗaɗɗen zane don kada nauyi ya hau kan maɗauran tsirkiya, sannan a naɗa salatif na takarda a wurare biyu, ɗaya a inda wuya ya haɗu da kai, ɗayan a inda ya fara kauri zai shiga jiki, domin a sami tsabtatacciyar iyaka tsakanin inda ya dusashe da inda ya ci gaba da ƙyalli, a kuma kare lambar kamfani da ke bayan kai. Gefen wuya, inda ɗige-ɗigen alamar matsayi suke, shi ma ana rufe shi, domin fenti ya fi siranta a kan kowace kusurwa, kuma a nan ne ake fara hujewa. Ana yanka samfefar kamar faɗin tafin hannu, a ninka ta, a riƙe ta da tafin gaba ɗaya ba da kan yatsa ba, kuma ba a naɗa ta a jikin katako mai faɗi kamar yadda kafinta ke yi wa tebur, tunda hakan zai fere zagayen wuyan ya bar masa fuskoki. Shafar tana bin tsawon wuya, daga sama zuwa ƙasa, a dogon ja guda ba tare da dannawa ba, kuma ba a yin ta a gicciye ko a kewaye, domin zanen da ya gitta hanyar hannu shi ne hannu ke ji. Bayan kowane ja goma ko makamancin haka ana share garin a duba a gaban haske. Farin gari mai laushi alama ce cewa har yanzu ana kan rufin sama, amma da zarar garin ya ɗauki launin jitar, ko na katako, to an wuce wurin tsayawa. Ma'aunin gamawa shi ne ɓacewar ƙyalli daidai a ko'ina, ba tare da ragowar tabo mai sheƙi ba, kuma da an kai nan ƙarin shafa ba ya ƙara wa hannu komai, fenti kawai yake ci.

Littattafan gyaran jita na Turawa sukan ambaci soson ƙarfe mai lamba 0000, wanda zarensa ya fi gashi siranta, kuma bai kamata a rikita shi da soson ƙarfen wanke tukunya da ake sayarwa a kasuwa ba, wanda zai kekketa fenti tun a ja na farko. Ko na ainihin ma yana da illa ga jitar lantarki, domin yana zubar da ɓurɓushin ƙarfe, na'urorin ɗaukar sauti da ke ƙarƙashin tsirkiya kuwa maganaɗisu ne naɗe da siririyar wayar tagulla, saboda haka suna janyo ɓurɓushin, wanda ke maƙalewa, ya yi tsatsa, ya kuma iya lalata naɗin. Wanda ya zaɓi wannan soso sai ya rufe na'urorin da salatif tukuna, ko ya kwance wuyan gaba ɗaya idan irin mai kusoshi huɗu ne na ƙirar Fender. Garin fenti kowane iri ba abin shaƙa ba ne, don haka a fili ake aikin, da takunkumi a hanci.

Wani mataki kuma, wanda ya bambanta da dusasar da ƙyalli nesa ba kusa ba, shi ne kankare fentin duka har a kai ga tsiraicin katako. Wasu shahararrun makaɗa, irin su Eddie Van Halen na Amurka, an san su da son wuyan da ba shi da fenti, kamfanin Ernie Ball Music Man ma yana fitar da jitoci da dama da wuyan da aka shafa wa mai da kaki kawai, kuma babu musun cewa katakon da aka yi wa haka yana da daɗin taɓawa da fenti ba ya kaiwa. Sai dai kamfanin da ya yi haka ya zaɓi katakonsa ya busar da shi da wannan niyya tun farko, abin da ba za a ce game da jita mai arha ba, kuma wasu maƙeran wuya a Amurka ba sa ɗaukar alhakin tanƙwarar wuyan katakon mafal idan ba a yi masa rufi mai tauri ba. Nau'in itacen ma yana da tasiri. Mafal fari ne mai matsattsen jiki, yana yin sumul amma yana saurin ɗaukar dauɗa ya yi toka-toka, mahogani kuwa, wanda nau'insa na Afirka ɗan'uwan maɗaci ne, yana da buɗaɗɗun ƙofofi da kamfani ke cikewa kafin fenti, kuma idan aka buɗe su sai gumi ya sami wurin zama. Wanda ya riga ya kankare dole ya mayar da wani rufi, kuma a nan ne ake yawan kuskure, domin ba kowane mai ne ke bushewa ba. Man 'ya'yan itacen tung da dafaffen man linsid, da haɗe-haɗensu irin su Tru-Oil da ake shafa wa ƙotar bindiga, suna haɗuwa da iska su daskare su zama siririn rufi, amma man gyaɗa da man shanu da man kaɗanya da basilin ba sa daskarewa ko an shekara, sai dai su jiƙa katako, su tara ƙura, wasunsu su yi ɗoyi, su kuma hana duk wani fenti kamawa nan gaba. Tsumman da aka shafa man linsid da shi yana iya kamawa da wuta da kansa idan aka dunƙule shi aka jefar, shi ya sa ake shanya shi a buɗe ko a tsoma shi a ruwa. Idan aka auna wannan duka da tazarar da ke tsakanin hunturu da damina a Sakkwato, kankarewa gaba ɗaya caca ce da ribarta ba ta kai haɗarinta ba, musamman ga mai jita guda ɗaya tak.

Akwai kuma abubuwan da ake ɗora wa fenti alhali ba nasa ba ne. Makaɗin da ke jin wani abu yana yankar masa gefen hannu a watan Janairu ba fenti ke damunsa ba, allon gaban wuyan ne ya tsuke saboda bushewar iska, ƙarafan da aka gitta kuwa ba sa tsukewa, sai bakinsu ya leƙo waje, kuma maganinsa ƙaramin magagari ne da hannu mai haƙuri, ko kuma ajiye jitar a cikin jakarta tare da ɗan jiƙaƙƙen soso a buɗaɗɗen gwangwani wanda ba ya taɓa katako. Wanda kuma yatsunsa ke gajiya da wuri, galibi tsirkiyoyinsa ne suka yi nisa da allo, ko dai saboda wuyan ya ɗan rusuna ko saboda jakin da ke ɗauke da su ya yi tudu, kuma wannan ana gyara shi ne ta hanyar juya sandar ƙarfen da ke cikin wuya, wadda Thaddeus McHugh na kamfanin Gibson ya nemi haƙƙin mallakar ƙirarta a 1921, ana juyawa kaɗan-kaɗan ana dubawa. Samfefa mai laushi ba ta rage kaurin wuya gwargwadon da hannu zai lura, kuma wanda ya yi nufin sirantar da wuya da samfefa mai kaushi yana kusantar ramin da sandar ƙarfen ke kwance a ciki, wurin da katakon ya fi ko'ina rauni.

Batun daraja shi ma yana cikin lissafi, domin a cikin kayan gwanjo da ke shigowa daga Turai da Amurka akan yi dace da tsohuwar Fender ko Gibson ta asali, wadda masu tara irin waɗannan kaya ke biyan kuɗi mai yawa a kanta muddin fentinta na kamfani ne, kuma shafa guda ta samfefa tana rage mata farashi. Ga jita ta yau da kullum mai fentin roba kuwa asarar ba ta taka kara ta karya ba, tunda ana iya dawo da ƙyallin da man goge fentin mota idan rufin bai huje ba. Hasali ma hannu da kansa yana dawo da shi, domin fata da gumi suna shafe ƙananan zanen a hankali, ta yadda bayan wasu watanni na kiɗa wuraren da babban yatsa ya fi zama sukan soma sheƙi su koma riƙe hannu, kuma haka yake faruwa har ga jitocin da kamfani ya fitar da dusasshen fenti tun asali. A lokacin ana sake bin wuraren da soson roba ko samfefa lamba 1000 sau uku ko huɗu kawai, kuma da yake kowane zagaye yana cin wani abu daga rufin da ba ya tsirowa, fentin roba mai kauri yakan jure maimaitawa na shekaru masu yawa, naitiro kuwa yakan kai ga katako bayan 'yan zagaye kaɗan.